Yadda Mai Hawan Jinin Huhu Zai Motsa Jiki Ba Tare da Ya Cutu Ba

Hawan jinin huhu daban yake da wanda ake aunawa a dantse. Jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa huhu ne ke ƙuntata, sai ɓangaren dama na zuciya ya riƙa turawa da ƙyar har ya gaji, kuma ciwon yakan biyo bayan sikila ko ciwon zuciya ko daɗaɗɗen ciwon huhu. An daɗe ana hana masu wannan ciwo motsa jiki, har zuwa 2006 da wani bincike a Heidelberg ta Jamus ya nuna cewa bayan mako 15 na horon motsa jiki a hannun likitoci, marasa lafiya sun ƙara mita 96 a tafiyar minti shida.

Kafin komai, ka ga likitan zuciya, misali a Babban Asibitin Ƙasa na Zinder, ya tabbatar ciwon ya lafa kuma kana shan maganinka a kan kari, sannan ya auna nisan da kake iya takawa a minti shida, domin da shi za a gane ci gabanka.

Idan ya amince, ka fara da tafiyar minti biyar zuwa goma a shimfiɗaɗɗen wuri, tare da ɗan rakiya, ka bar hawan duwatsu irin na unguwar Birni da ke Zinder. Bayan sallar asuba ya fi, musamman a Afrilu da Mayu da zafi kan haura maki 40. Ranar da ƙurar hunturu ta yi kauri kuwa, zaure ya wadatar. Ma'auninka shi ne magana: muddin kana iya hira ba tare da haki ya katse ka ba, saurin ya yi daidai. Kowane mako ka ƙara minti ɗaya ko biyu.

Numfashi ne ya fi buƙatar kula. Ka shaƙa ta hanci, ka fitar a hankali ta baki da leɓe a tsuke, kada ka taɓa riƙe numfashi ka yi yunƙuri. Ɗaga jarkar ruwa, daka da tura kura duk suna sa mutum yin haka bai sani ba, kuma suna iya jawo suma, don haka wajibi ne ƴan gida su ɗauke wa marar lafiya, ko da ya nace.

Da zarar ka ji jiri, ciwon ƙirji ko bugun zuciya mara tsari, ka tsaya ka zauna. Idan ƙafafu suka ƙara kumbura ko haki ya fi na jiya, ka dakatar da horon ka koma wurin likita, suma kuwa asibiti take buƙata nan take.