Darasi na Tara: Ɗaukar Hoto da Wayar Hannu

A da, in ana son hoto sai an yi wanka, an sa kayan Sallah, an tafi wurin mai hoto. Fim ɗin kyamararsa hoto 24 ko 36 kawai yake ɗauka, shi ya sa ba ya dannawa a banza. Sai ya gyara maka hula, ya ce ka ɗaga haɓa, sannan ya danna sau ɗaya. Bayan kwana biyu ko uku ka koma ka karɓa in an wanke. Yau kuwa kusan kowa a ajin nan yana yawo da kyamara cikin aljihu.

Wani dattijo cikin ɗalibanmu ya taɓa miƙo mini wayarsa bayan an tashi aji, ransa a ɓace. Ya ce, “Malam, wagga waya ba ta da kirki. Duba ka gani, ɗiyana ne ranar Sallah, duk sun yi baƙi ƙirin.” Na duba. Yara biyar a jere, sama ta yi fari fat, fuskoki kuwa ko hanci ba a rarrabewa. Na ce, “Baba, ina rana take lokacin da kuka ɗauka?” Ya yi shiru, can ya ce, “Bayansu take.” Wayarsa lafiyarta lau. Inda ya tsaya ne ya cuce shi.

Haske

Kyamara haske take ci. In hasken yana bayan mutum, shi za ta bi, ta bar fuskar cikin duhu. Saboda haka kafin ka ɗaga waya, fara neman rana. Wannan ba wuya gare mu, tunda duk wanda ya san alƙibla ya san ɓangaren da take fitowa. Da safe, ka ba gabas baya, mutanenka su fuskance ka. Da yamma ka juya. In ka ga suna ƙanƙance ido, ka karkata su kaɗan, hasken ya zo musu ta gefe.

Lokaci biyu ne suka fi: daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma bayan La’asar har kusa da Magariba. Rana tsaka ba ta yi wa kowa kyau. Tana saman kai, hula ko rawani ya jefa inuwa a kan ido, mutum ya fito kamar ya kwana bai yi barci ba. Ga kuma zafinmu na Sakkwato. Daga Maris zuwa Mayu yakan wuce digiri 40, kuma waya in ta sha rana takan yi zafi har ta rufe kyamarar da kanta. In ya zama dole a ɗauka a irin wannan lokaci, a shiga inuwa. Amma a lura da ƙarƙashin dogonyaro, don rana takan ratso ganye ta yi wa fuska dabbare-dabbare. Ni dai ban ga wurin da ya kai bakin zaure ba. Mutum ya tsaya daga ciki kaɗan yana kallon waje, kai kana waje. Gwada da dattijon gidanku, za ka ga har layukan goshinsa sun fito.

Akwai wata matsala da ta fi damun mu nan. Muna son farar shadda, fatarmu kuwa baƙa ce. Kyamara in ta ga fari da yawa sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage shi, riga ta yi kyau, mai rigar ya ɓace. Maganin yana kan yatsanka. Kafin ka danna, taɓa fuskar mutumin a kan gilashin wayar. Za ka ga ɗan akwati ko da’ira ta fito a wurin, a wayoyi da yawa har da alamar rana a gefe. Ja alamar sama kaɗan, fuskar za ta washe. Kada ka ja da yawa, rigar za ta yi fari fat, aikin wuyan ya ɓace.

Filasha kuwa ba ta wuce taku uku ko huɗu. In kana bayan taro da dare, ƙeyar na gabanka kawai za ta haska.

Riƙon waya

Goge idon kyamara da gefen riga mai laushi kafin ka fara. Da hunturu ƙura ce, sauran lokaci kuma maiƙon hannu, musamman in an ci tsire. Hotuna da yawa da ake cewa sun yi hazo, datti ne kawai. Riƙe waya da hannu biyu, ka manna gwiwar hannunka a jiki, ka danna a hankali. Kada ka saba da jawo abu kusa da yatsu biyu, wato zum. A yawancin wayoyinmu yanko hoton kawai yake yi ya buɗa shi, sai ya fito dishi-dishi. Taka ka matsa.

Biki, hawa da tafiya

Sai dai ranar hawan Sallah ba a matsawa kusa da doki. Ka je da wuri ka kama wuri a gefen hanya, inda rana take bayanka, zai fi kyau in kwana ce, don a nan mahaya suke rage gudu. Bari su zo su same ka. Danna sau da yawa, daga baya ka zaɓi ɗaya ka goge sauran. Kada duk hankalinka ya tafi ga manyan mahaya. Kumatun mai busa algaita, jar rigar dogari, yaron da aka ɗora a wuya don ya hango, waɗannan ma hawan ne, kuma su ne sauran mutane ba sa ɗauka.

In abokai ko dangi ka jera, ɗauki uku, don ba a rasa mai ƙifta ido. Duba bayansu kafin ka danna. Turken lantarki yakan fito kamar ya tsiro a kan ango. Yara kuma durƙusa musu ake yi, waya ta zo daidai idonsu.

A tafiya, ga wata dabara mai amfani biyu. Da ka isa gari, fara ɗaukar allon da aka rubuta sunansa. In Wurno ka je ziyara, inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, wanda ya rasu a 1837, hoton farko ya zama allon nan mai cewa Wurno. Haka in Goronyo ne ko Illela. Duk hotunan da suka biyo baya ka san na ina ne, ko bayan shekara biyar. In ka dawo gida kuma ka samu abin karantawa, harafi bayan harafi.

Hoton faɗi

Wani wurin ya fi ƙarfin hoto ɗaya. Tsaya a wajen gadar Kwalkwalawa, kan hanyar Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo, ka dubi fadamar Rima. Ruwa, gonaki, masunta, shanu can nesa. Ido yana kwashe su duka, waya kuwa ɗan yanki take kamawa. Don irin wannan aka yi fanorama. Buɗe kyamara ka nemi kalmar da ta fara da harafin P. A wasu wayoyi an rubuta Pano, a wasu Panorama, wani lokaci sai ka shiga inda aka tara sauran zaɓi.

Yadda take aiki shi ne, yayin da kake juyawa wayar tana ɗaukar hotuna da yawa a jere, sannan ta ɗinke su kamar yadda tela yake haɗa ƙyalle. In ka gane wannan, sauran duk mai sauƙi ne. Riƙe wayar a tsaye. Kafa ƙafafunka wuri ɗaya, ka juya daga ƙugu, a hankali, gudu ɗaya, ba tsayawa. Akwai kibiya ko layi a tsakiyar gilashi, kada ka bari ta hau ko ta sauka, in ba haka ba ɗinkin zai karkace, gulbi ya fito da tudu. Ba sai ka kai ƙarshen layi ba. In ka kwashe abin da kake so, danna ka tsayar.

Abin da fanorama ba ta so shi ne motsi. Na koyi wannan a gadar nan ta Kwalkwalawa. Ina cikin juyawa sai ga raƙumi da kaya ya biyo hanya, yana tafiya ɓangaren da nake juyawa. Da na duba hoton, raƙumin ya yi tsawon mota, da tozo biyu da ƙafa shida. Yaran gidanmu har yau sukan ce in nuna musu. In akwai mai wucewa, jira ya wuce.

Lokacin ma yana da muhimmanci. Da hunturu ƙura takan rufe nesa, komai ya yi fari. Washegarin ruwan sama, wajen Agusta ko Satumba, iska ta wanku, fadama ta yi kore shar, a nan ne hoton faɗi yake fitowa. Irin wannan hoto yakan zama shaida. Waɗanda suka ɗauki hoton hanyar Jami’ar lokacin ambaliyar 2010, da ruwa ya yanke ta, su ne yau suke nuna wa yara inda ruwa ya kai.

Neman izini

Wannan ɓangare kada a tsallake shi. Ba a ɗaukar mutum sai da yardarsa. A kasuwa, yi sallama, ka gaisa, ka ce, “Baba, don Allah ko in ɗauki hoton kayan nan naku?” Baduku mai jakar fata yakan yarda da murna, musamman in ka nuna masa hoton bayan ka ɗauka. In ya ce a’a, ka gode masa ka wuce.

A biki, sashen mata na mata ne. Ko mace ce ta ɗauka, kada ta tura hoton matar wani ko ’yar wani a Facebook ko WhatsApp ba a sani ba. Hoton da ya fita ba ya dawowa, kuma an sha ganin rigimar aure ta taso daga nan. A Hubbaren Shehu, inda aka binne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya rasu a 1817, mutane addu’a ta kawo su. Tambayi masu kula da wurin kafin ka fito da waya. Shingen jami’an tsaro, bariki da cikin banki kuwa, bar wayarka a aljihu. In an yi haɗari a hanya, hannun taimako ake bukata, kuma babu wanda yake son ya fara jin mutuwar ɗan’uwansa ta hoton da ke yawo a waya. Sannan in kana kan tafiya, ka bari sai ka iso gida kafin ka sanya hotunan inda kowa zai gani. Ba kowa ya kamata ya san hanyar da kake bi ba.

Adanawa

Na taɓa kai wayata gyara, na dawo na tarar an share komai. Cikin abin da ya tafi har da hoton ƙarshe da na yi wa mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, tana tsince shinkafa a faifai. Mai gyaran ya ba ni haƙuri, amma haƙurin bai dawo da hoton ba.

Kada hoto mai daraja ya zauna wuri ɗaya. Sa memori a waya ka riƙa kwafewa, kuma ka cire shi kafin ka ba da gyara. Mai adireshin Gmail yana da wurin ajiya kyauta na gigabait 15, yana iya tura hotuna can ta Google Photos in da data. Sai dai ya rubuta kalmar sirrinsa a takarda ya ɓoye. A sani kuma, WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau. In wankewa za a yi, a tura shi a matsayin dokumen, ko a kai wayar sutudiyo kai tsaye. Waɗanda suka fi soyuwa gare ka, ko biyar ne a shekara, a wanke su a takarda.

Aikin gida

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku a littafinka: hoto, haske, inuwa, kyamara, izini, fanorama.

Sannan ka nemi mutum ɗaya a gidanku da ya yarda. Ɗauke shi da hantsi rana tana bayansa, ka sake ɗauka rana tana bayanka, ka kuma ɗauka a bakin zaure. Kada ka goge ko ɗaya, har wanda ya ɓaci. Za mu jera su a aji mu duba.

Wanda yake da tsohon hoto na takarda a gida ya zo da shi, da fensir. Za mu rubuta a bayansa sunayen waɗanda ke ciki, da garin, da shekarar. In ba ka tuna shekarar ba, tambayi Inna ko Kawu kafin ranar aji.