Yadda ake neman bizar karatu ta Birtaniya da kafa hujjar kuɗi

Ɗalibin da ya samu gurbin karatu a wata jami'ar Birtaniya yakan ɗauka cewa ya haye babban tudu, alhali kuwa inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen gamsar da ma'aikatar harkokin cikin gida ta ƙasar cewa yana da kuɗin da zai riƙe kansa. Abin da ya kamata a fahimta tun farko shi ne, jami'in da ke duba takardu bai san gidanku ba, bai san shagon mahaifinka a Kantin Kwari ko gonarsa ko shanunsa ba, kuma doka ba ta ba shi damar yin aiki da su ba. Tambayoyi uku yake yi wa takardar banki: nawa ne a ciki, da sunan wa aka ajiye, kuma tun yaushe kuɗin suke kwance.

Kafin a kai ga maganar kuɗi, dole ne jami'ar ta ba ka lambar tabbatar da gurbi, wadda ake kira CAS. Ba a bayar da ita sai ɗalibi ya cika sharuɗɗan shiga, ciki har da shaidar iya Turanci, kuma jami'o'i da dama sukan buƙaci a biya wani kaso na kuɗin makaranta tukuna. A cikin bayanan CAS akwai sunan kwas, ranar farawa, kuɗin shekarar farko da abin da aka riga aka biya. Ka karanta su da idon basira, domin da waɗannan alƙaluma jami'in biza zai yi lissafi, ba da rasit ɗin da ke aljihunka ba. Idan ka ƙara biyan wani abu bayan an fitar da lambar, ka rubuta wa jami'ar ta gyara bayanin kafin ka nemi biza. Lambar tana aiki ne na wata shida, sau ɗaya ake amfani da ita, kuma ba a neman biza daga wajen Birtaniya sai ya rage wata shida ko ƙasa da haka a fara karatu.

Lissafin kuɗin kashi biyu ne. Na farko shi ne ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko. Na biyu shi ne kuɗin zama na kowane wata, har zuwa wata tara. Daga watan Nuwamba na 2025, adadin ya koma fam 1,529 a wata ga mai karatu a Landan, da fam 1,171 ga mai karatu a wajenta, wato fam 13,761 ko fam 10,539 na wata taran. Mu ɗauki misalin wanda zai yi digiri na biyu a wajen Landan, kuɗin makarantarsa fam 16,000, ya riga ya biya 4,000: sai ya nuna 12,000 na makaranta da 10,539 na zama, jimilla fam 22,539. Wanda ya biya wa jami'ar kuɗin ɗakin kwana ana rage masa, amma ragin ba ya wuce kimanin kuɗin zaman wata guda a Landan, ko da ya biya na shekara ne gaba ɗaya, kuma kuɗin hayar da aka ba mai gida na waje ba ya shiga lissafi. Ana sauya waɗannan adadi lokaci zuwa lokaci, an ma ɗaga su sau biyu a cikin 2025 kaɗai, saboda haka a duba shafin gwamnatin Birtaniya a makon da za a fara ajiya.

Sai ƙa'idar kwana 28, wadda ita ce zuciyar al'amarin. Dole ne cikakken kuɗin ya zauna a asusu kwana 28 a jere, ba tare da ya yi ƙasa da adadin da ake buƙata ba ko da na yini ɗaya ne, ko da gibin bai wuce 'yan nairori ba. Bayan haka, ranar ƙarshe da ke kan bayanin asusun kada ta girmi ranar neman biza da fiye da kwana 31. Ranar neman biza kuwa ita ce ranar da ka aika fom ta intanet ka biya kuɗi, ba ranar da ka je aka ɗauki hoton yatsunka ba. Mutane da yawa sun faɗi a nan: sun aika fom a kwana na 25, suna ganin ai kafin ranar zuwa cibiyar biza kwanakin za su cika. Idan kuɗin suka kammala shiga ranar 1 ga Yuni, kwana na 28 shi ne 28 ga Yuni, kuma abin da ya fi aminci shi ne a ƙara kwana biyu ko uku, a karɓi bayanin asusu, sannan a aika fom a cikin makon. Ka kuma tuna da 'yan kuɗaɗen da banki ke cirewa da kansa, na saƙon waya da na kula da asusu. Wanda ya ajiye daidai wa daida, naira hamsin da aka zare masa tana iya rushe masa kwanakin baki ɗaya.

Ga ɗan Najeriya akwai wata matsala da ta fi wannan girma, wato canji. Ana juya naira zuwa fam ne da farashin da OANDA, wani shafin intanet mai nuna farashin canjin kuɗaɗe, ya nuna a ranar da aka nemi biza, ba ranar da aka zuba kuɗin ba, kuma ba farashin 'yan canji na Wapa ba. Tun da aka saki naira ta nemo darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, an ga yadda kuɗin da suka isa a farkon wata suke gazawa a ƙarshensa, alhali ba a taɓa ko kwabo ba. A ganina, duk wanda zai ajiye naira ya ɗora aƙalla kashi goma cikin ɗari a kan abin da lissafi ya ba shi. Wanda kuma yake da hali ya ajiye fam ko dala a asusun kuɗin waje, ya rage wa kansa zullumi.

Batun sunan mai asusu shi ne inda al'adarmu da dokarsu suke cin karo. A wajenmu kawu ko baffa ko yaya yakan ɗauki nauyin karatun yaro, kuma babu mai ganin baƙon abu a ciki. Dokar bizar ɗalibai ta Birtaniya ba ta san wannan ba. Asusun da take karɓa shi ne na ɗalibin da kansa, ko na mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ko na wanda kotu ta naɗa a matsayin mai riƙonsa, ko na miji ko matar da ke neman biza tare da shi. Takardar rantsuwa da kawu zai yi a kotu cewa ya ɗauki nauyi ba ta mayar da shi uba a idon jami'in ba. Mafita a nan mai sauƙi ce idan an yi ta da wuri: kawun ya tura kuɗin zuwa asusun ɗalibin a matsayin kyauta ta gaskiya, a fara ƙirga kwana 28 daga ranar da suka shiga, a kuma adana shaidar turawar da wasiƙar da ke bayyana dalilinta, ko da za a yi tambaya a kan asalin kuɗin. Haka nan asusun kamfani ba ya wadatarwa, ko da mahaifin ne kaɗai ya mallaki kamfanin, sai an mayar da kuɗin asusunsa na ƙashin kansa.

Idan da asusun iyaye za a yi amfani, ana haɗawa da takardar haihuwa mai ɗauke da sunayensu, da wasiƙar da mai asusun ya sa wa hannu cewa shi ne uban ko uwar, kuma ya amince a kashe kuɗin a kan karatun. A nan sai a dubi rubutun sunaye da kyau. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar banki, Mamman a takardar haihuwa, wani kuma ya ɗauki sunan garinsu a matsayin sunan ƙarshe alhali mahaifinsa bai ɗauka ba. Mu mun san mutum ɗaya ne, amma wanda ke duba takardu a can bai sani ba. A daidaita abin da zai daidaitu a banki ko a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tun kafin a fara, abin da ya ƙi kuma a yi masa gajeren bayani a rubuce tare da hujja. Duk takardar da aka rubuta da Hausa ko Larabci ko Faransanci tana buƙatar fassarar Turanci daga ƙwararren mai fassara, da sunansa da sa hannunsa da kwanan wata.

Shi kansa bayanin asusun ya nuna sunan mai shi, lambar asusu, sunan banki, kwanan wata da abin da ke ciki a tsawon kwanakin. Bankin ya kasance wanda Babban Bankin Najeriya ke sa wa ido, kuma wanda zai amsa idan aka tuntuɓe shi don tantancewa. Ba a karɓar hannun jari, ko kuɗin fansho da ba a iya cirewa, ko kuɗin kirifto, ko damar cin bashi a asusu, balle takardar fili ko ta gida. Wanda dukiyarsa take a kadara sai ya sayar da wuri, kuɗin su shiga banki su yi kwanakinsu.

Akwai dillalan da ke ba da hayar kuɗi, su zuba miliyoyi a asusun ɗalibi na wata guda su karɓi ladansu, wasunsu ma bayanin asusun kawai suke ƙirƙira. Ban ga hikimar bin wannan hanya ba. Idan aka gano takardar jabu, hukuncin yana iya kaiwa haramcin shiga ƙasar na shekara goma, kuma tambayar ko an taɓa hana ka biza tana biyo mutum a fom ɗin wasu ƙasashe. Idan ma ba a gano ba, ɗalibin zai sauka da hannu biyu babu komai, ga jami'a na jiran ragowar kuɗinta, ga doka ta taƙaita masa aiki zuwa awa 20 a mako a lokacin zangon karatu, abin da da ƙyar yake biyan haya da abinci.

Wanda ya samu tallafin karatu daga gwamnati, kamar na PTDF, wato asusun bunƙasa fasahar man fetur na Najeriya, ko na wata jiha, ko na Chevening ko Commonwealth da gwamnatin Birtaniya ke bayarwa, wasiƙar hukumar ce hujjarsa. Ta nuna sunansa, tsawon lokacin tallafin da adadin kuɗin, ko ta faɗi a fili cewa an ɗauki nauyin makaranta da zama gaba ɗaya. Idan tallafin rabi ne, ragowar tana komawa ƙarƙashin ƙa'idar kwana 28 ɗin nan.

Sauran matakan ba su da sarƙaƙiya, sai dai suna cin kuɗin da bai kamata a ciro daga ajiyar ba. Ana yin gwajin tarin fuka a asibitin da Birtaniya ta amince da shi kaɗai, kamar cibiyoyin hukumar kula da ƙaura ta duniya (IOM) da ke Abuja da Legas, kuma takardar tana aiki wata shida. Masu wasu kwasa-kwasan kimiyya da injiniyanci a matakin gaba da digiri na farko suna buƙatar izinin ATAS, wato tantancewar tsaro daga gwamnatin Birtaniya, wanda kan ɗauki makonni, don haka a nema da wuri. A watan Afrilun 2025 an mayar da kuɗin bizar fam 524, ga kuɗin kula da lafiya na fam 776 a kowace shekara, wanda ake biya dunƙule na tsawon bizar. Tun daga Janairun 2024, mai digiri na biyu na koyarwa ba ya tafiya da iyali, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa, kuma kowane mutum da zai bi shi yana da nasa kuɗin zaman da za a nuna.

Bayan ɗaukar hoton yatsu, amsa kan fito cikin kimanin mako uku. Ana iya kiran ɗalibi hira ta bidiyo, a tambaye shi dalilin zaɓen kwas ɗin da jami'ar, da wanda zai biya, da sana'ar mai biyan, saboda haka ya san abin da ke cikin takardunsa ko da wani ne ya taya shi cike fom. Kada a kwashe kuɗin daga asusu da zarar an aika fom, domin ana iya tuntuɓar banki a kowane lokaci kafin a yanke hukunci. Idan aka ƙi bayar da bizar, ana mayar da kuɗin lafiya amma ba a mayar da na biza, kuma wasiƙar ƙin takan faɗi dalili. In kuskuren na jami'in ne, akwai damar neman a sake dubawa cikin kwana 28. In kuwa daga takardun ɗalibin ne, sai ya nemi sabuwar lambar CAS daga jami'ar, ya sake ƙirga kwanakin ajiyarsa daga farko idan a nan matsalar take.