Yadda Ake Ƙirga Numfashin Yaro a Gida Don Gane Ciwon Haƙarƙari

Da hunturu ya kama a Maraɗi, daga Nuwamba har cikin Fabrairu, da wuya ki shiga gida ba ki ji yaro na tari ba. Hazo ya rufe gari, ƙura ta bi kwano da tabarma, da dare kuma a ja ƙofa a hura garwashi. Yawancin tarin nan mura ce, za ta yi kwanakinta ta wuce. Amma a ciki akwai wanda ke sauka har huhu, wanda muke kira ciwon haƙarƙari, likitoci su ce limoniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 kaɗai ciwon nan ya kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5 sama da 740,000 a duniya. Abin da ke ci mini rai shi ne ana iya gano shi a cikin ɗaki, da ido da agogon salula, cikin minti ɗaya. Ƙarar tari ba ta nuna shi, taɓa goshi ma ba ya wadatarwa. Saurin numfashi ne ke tona shi.

Ki fara da sanin abin da za ki kalla

Duk wadda ta taɓa gyaran kayan ciki ranar layya ta riga ta ga rabin darasin. Ga maƙogwaron rago mai zobba-zobba na guringuntsi, ya sauko ya rabu biyu, kowane reshe ya shige huhu ɗaya. Namu ma haka Allah Ya tsara shi. Iska kan shiga ta hanci, gashin hanci da majina su tare ƙura, hancin ya ɗumama ta ya ɗan jiƙa ta kafin ta wuce. Shi ya sa majinar hunturu ke fitowa da launin ƙasa: aikinta ta yi. Cikin huhu kuwa reshen nan yana ta rabuwa biyu-biyu, wajen sau 23, kowane ya fi na bayansa siranta, har ya ƙare a wasu ƴan jakunkuna da ido ba ya gani. Babban mutum yana da sama da miliyan 300 nasu. Ƙananan jijiyoyin jini sun nannaɗe kowace jaka, a nan ne jini ke karɓar iskar oksijin ya sauke gurɓatacciyar iskar da jiki ya gama da ita. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce, wadda muke fesarwa kuma saura kamar kashi 16.

Huhu ba shi da tsokar da zai ja iska da kansa. Akwai wani faffaɗan tantani mai nama da ya raba ƙirji da ciki, shi ne wanda mahauci ke yankewa kafin ya kai ga huhu da zuciya. In ya ja ƙasa, haƙarƙari ya buɗe, ƙirji ya yi faɗi, sai iska ta kwararo ciki. In ya saki, ta fita. Ki tuna zuga-zugin maƙeri, ɗagawa da dannawa. Babba in yana zaune yakan yi haka sau 12 zuwa 20 a minti, kowane ja kamar rabin lita. Ba mu muke tuna wa kanmu ba, wani sashe ne na ƙwaƙwalwa can wajen ƙeya ke lura da jini dare da rana yana ba da umurni.

To, in ciwo ya sauka huhu, jakunkunan nan sai su cika da ruwa da mugunya. Iska ba ta samun wurin shiga, jini ba ya samun abin da yake bukata, ƙwaƙwalwa kuma ta ce a ƙara sauri. Wannan saurin shi za ki ƙirga.

Shirya yaron

Sai yaro ya natsu ƙirgar ke yin daidai. In yana kuka, ko yana shan nono, ko yanzu ya shigo daga guje-guje, ki dakata. Barci ma ya fi, kada ki tashe shi. Ki kwantar da shi bisa cinyarki, ki ɗaga rigar har ƙirji da ciki su fito fili, a wurin da haske yake. In hanci ya toshe, ki fara share shi da tsumma mai laushi da aka jiƙa da ruwa mai ɗumi, domin jariri da hanci ya fi numfashi, toshewar kaɗai tana iya sa shi haki.

Ƙirgar kanta

Aikin ya fi sauƙi da mutum biyu. Ɗaya ya riƙe salula yana duban agogo, ke kuma idonki na kan yaro. Ki zaɓi wuri ɗaya da motsi ya fi fitowa, galibi saman ciki, ki kafa ido a nan. Tashi da sauka tare su ne numfashi ɗaya. A nan mutane da yawa ke kuskure, su ƙirga tashi dabam sauka dabam, lissafi ya ninka, hankali ya tashi a banza.

Mai agogo ya ce "fara", in minti ya cika cif ya ce "tsaya". Kada a yi rabin minti a ninka. Numfashin jariri ba ya tafiya bai ɗaya, yakan yi sauri, ya ɗan tsaya, ya sake ɗauka, sai cikakken minti ke nuna gaskiyarsa.

In ƙirga da baki na rikita ki, ko kaka ce ke riƙon yaron, a ɗauko carbi. Kowane numfashi a ja ƙwaya ɗaya, in an ce tsaya a riƙe wurin, sannan a ƙirga a natse. Carbi mai 99 yana da shaida a kan 33 da 66, ita za ta taimaka: 40 shaida ta farko ce da ƙwaya 7, 50 kuwa shaida ta farko da 17, 60 saura 6 a kai shaida ta biyu. Ni dai na fi yarda da wannan hanya, domin hannu ba ya mantuwa ko da zuciya ta tsinke.

Ga ma'aunin da ma'aikatan lafiya ke aiki da shi. Jaririn da bai cika wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye a minti ya yi sauri. Daga wata 2 har kafin ya cika shekara, 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Ki rubuta su a bangon takardar awonsa: 60, 50, 40. In kin samu adadin ya kai, ki sake ƙirgawa sau ɗaya, musamman ga jinjiri. In ya sake kaiwa, a kai shi likita a ranar, ba gobe ba. Zazzaɓin cizon sauro ma yana sa numfashi sauri, gaskiya ne, amma shi ma ai ba abin zama da shi ba ne. Can za a bambance.

Duba ƙasan haƙarƙari

Kafin ki sauke rigar, akwai abu na biyu, kuma ya fi na farko nauyi. Mai lafiya in ya ja iska, ƙirji da ciki tare suke bullowa waje. Ki dubi ƙasan ƙirji, daidai inda haƙarƙari ya ƙare. In wurin yana lotsawa ciki a lokacin da yaron ke jan iska, kowane ja, alhali ba kuka yake ba, huhu ya yi tauri ke nan. Tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki yana ja da dukkan ƙarfinsa, ƙasusuwan yaro kuma ba su yi ƙwari ba, sai su bi shi ciki. Ɗan lotsawa kaɗan a sabon jariri ba komai ba ne, amma mai zurfi da ake hangowa daga bakin ƙofa, wannan a tashi kawai.

Haka nan in ya kasa kama nono ko shan ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya shiga, ko ya suma ko jijjiga, ko ya yi laushi da ƙyar ake tada shi, ko ana jin gurnani ko wata ƙara mai kaifi in ya ja iska, ko leɓe da harshe sun canza sun yi duhu. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa, ba sai an tsaya ƙirga ba, ko da tsakar dare ne.

Maigida, wannan naka ne

Uwa ce ke fara gani, amma sau da yawa izini da kuɗin kabu-kabu a hannunka suke. In ta ce maka ta ƙirga 55 ga ɗan wata 8, ba tsoro ne irin na mata ba, awo ne. Ko kana unguwar Zariya ko Bagalam a cikin Maraɗi, ko can ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji, CSI (ƙaramin gidan likita) ko ɗakin shan magani mafi kusa ya isa a fara. Kada a biya ta wurin mai tallan ƙwayoyi a kasuwa, kada kuma a kira wanzami ya cire beli. Beli yana can sama a baki, ciwon yana ƙasa cikin huhu, aska ba ta kai wa can, sai ƙarin zubar jini da rauni ga yaron da dama ba shi da ƙarfi.

A hanya a lulluɓe shi ba tare da an rufe masa fuska ba, a ci gaba da ba shi nono in yana karɓa. Ku faɗa wa ma'aikacin lafiya adadin da kuka ƙirga da lokacin da kuka ƙirga shi.

Bayan an dawo

Maganin da aka fi bayarwa shi ne amoksisilin. A cika kwanakin da aka rubuta ko da yaro ya miƙe yana wasa a rana ta biyu. Ki ci gaba da ƙirga safe da yamma, adadin ya kamata ya riƙa sauka. In kwana 2 ko 3 sun wuce bai sauka ba, ko wata alama ta ƙaru, a koma. Ki duba takardarsa ko ya samu rigakafin mako 6 da 10 da 14, da na ƙyanda a wata 9, domin a cikinsu akwai masu tare ƙwayoyin da ke kawo wannan ciwo. Garwashin dare kuma a bar shi ya ci a tsakar gida har hayaƙi ya ƙare, a ɗumama ɗaki da shi taga na buɗe, sannan a fitar da kaskon waje kafin a ja ƙofa a kwanta.