Yadda ake nemo gefen rektangul da ba a bayar ba idan an san eriya

In yaro ya kawo maka aikin gida an ce eriyar rektangul sikwaya santimita 48 ce, tsawonsa santimita 8, a nemo faɗinsa, don Allah kar ka yi saurin ce masa "ka raba kawai". Eh rabawar za a yi, amma in bai gane dalili ba gobe sai ka ga ya ɗebe 8 daga 48 ya rubuta maka 40 hankalinsa kwance.

Ka sa shi ya buɗe littafin lissafinsa mai gida-gidan nan, ka ce masa eriya ba komai ba ce illa yawan ƙananan gidajen da suka cika cikin rektangul ɗin, a nan gidaje 48 ke nan, kuma tunda tsawo 8 ne to kowane layi gida 8 zai ci. Sai ya fara shafe su da fensir yana ƙirgawa, layin farko 8, na biyu 16, na uku 24, haka dai har ya kai 48, sannan ka tambaye shi layi nawa ya yi. Zai ce 6. To faɗin ke nan, santimita 6, da hannunsa ya gano.

Yanzu ne za ka nuna masa gajeriyar hanya: tsawo sau faɗi shi ke ba da eriya, saboda haka in gefe ɗaya ya ɓata sai a raba eriya da gefen da aka sani, 48 ÷ 8 = 6. Ko tsawo ake nema duk ɗaya ne, eriya 35 faɗi 5, tsawo 7.

Inda yara suka fi faɗawa shi ne rikita eriya da kewaye. Kewayen wannan rektangul ɗin namu 28 ne, wato 8 + 6 + 8 + 6, shi tarawa ake yi, don haka ya karanta tambayar da kyau kafin ya taɓa biro. Sannan amsar gefe santimita ce zalla, ba a sa mata sikwaya.

Wani lokacin kuma rabawar ba ta fita cif, misali eriya 30 gefe 4, amsa 7.5, kar ya tsorata daidai ne. Ya dai saba da gwada amsarsa kafin ya miƙa, 4 sau 7.5 in ya dawo 30 shikenan.