Darasi na Tara: Ɗan Rubutun Jikin Kaya da Yadda Yake Tare Ɓarna a Masana'anta

Ku ɗauko kwalin magani ko kwalbar man shafawa da ke kusa da ku, ku juya gefenta ko gindinta. Ban da sunan kayan da aka ƙawata da launi, za ku tarar da wani ɗan rubutu daban, baƙi, mai ƙananan harufa, sau da yawa da ɗigo-ɗigo aka haɗa su. Layi biyu ne ko uku. Inda kuka ga MFG, ranar da aka yi kayan ke nan. EXP ita ce ranar da amfaninsa zai ƙare. LOT ko BN kuwa lambar rukuni ce: duk kayan da aka haɗa a zubi ɗaya, lamba ɗaya suke ɗauka. Ku ɗora yatsa a kai, ku bi shi a hankali, ku karanta a bayyane.

Wannan rubutu ba tare da adon kwalin aka buga shi ba. A cikin masana'anta aka sa shi, daidai lokacin da kayan ke wucewa a kan bel. Na'urar da aka fi gani ita ce mai feshin tawada. Ba ta ko taɓa kwalbar, daga ɗan nesa take harbo ƙananan ɗigo, kafin ƙiftawar ido rubutu ya zauna ya bushe. Akwai ta leza, wadda ba ruwanta da tawada, haske ne ke kankare saman kayan ya bar alamar da ba ta gogewa. Akwai mai bugawa a jikin leda da zafi, akwai kuma mai buga takarda ta liƙa wa katan.

To mene ne haɗin wannan da rage ɓarna? Sai mun leƙa Japan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin motoci na Toyota ba shi da ƙarfin tara kaya jibgi kamar manyan kamfanonin Amurka. Wani injiniyansa, Taiichi Ohno, ya zuba wa aiki ido har ya fitar da ɓarna iri bakwai: yin kaya fiye da buƙata, zaman jira, jigilar kaya ba dalili, ƙara aikin da mai saye bai nema ba, jibge kaya a sito, kai-da-kawon ma'aikaci a banza, da fitar da kaya mai aibi. A 1988 wani mai bincike, John Krafcik, ya laƙaba wa irin wannan tsari sunan “lean”, wato jiki marar teɓa. Mu a nan za mu ce masa aikin tsimi.

Mu fara da sito. A ce masana'anta tana yin sabulun ruwa iri ɗaya, tana aika wa manyan masu saye goma, kowanne da bayanin da yake so a jikin katan. In a waje ake bugo katan ɗin, dole a ajiye iri goma, kowanne da tulinsa. Wani ya ƙare ana tsakar aiki, layin haɗa kaya ya tsaya. Wani ya yi shekara yana shan ƙura, in mai sayen ya sauya bayani kuma sai a zubar. Amma in akwai na'urar bugawa a ƙarshen layi, katan iri ɗaya marar rubutu ya wadatar. A buga wa kowanne nasa a lokacin da za a cika shi. Kuɗin da ke kwance a sito ya tashi, fili ya samu, an kuma daina yawon neman katan.

Inda nake so mu daɗe shi ne wajen kuskure, domin nan ne hannun ma'aikaci yake. Mu yi lissafi tare. A ce layi yana fitar da kwalba 200 a minti ɗaya. Da safe wanda ke kan na'ura ya danna wata na 03 a maimakon 08, ba wanda ya lura sai bayan minti 30. Kwalba nawa ke nan? 200 sau 30, kwalba 6,000. Abin da ke cikinsu lafiya lau yake, amma ba mai fita ko ɗaya. Sai an tsayar da layi, an kwance katan-katan, an goge in yana goguwa, in na leza ne kuwa kwalbar ta tafi. Lamba ɗaya tak ta jawo aibi, ta jawo jira, ta jawo jigila, ta jawo maimaita aiki.

Shi ya sa masana'antu masu tsimi ke rage danne-danne da hannu. Ana haɗa na'urar da kwamfutar ofis. Ma'aikaci ya haska lambar da ke takardar aikin ranar, na'ura ta ɗauko sunan kaya da lambar rukuni, ta lissafa ranar ƙarewa da kanta. Gaba kaɗan a kafa kamara tana karanta kowace kwalba, wadda rubutunta ya dushe ko ya karkace a ture ta gefe nan take. Masu tsarin Toyota suna kiran irin wannan dabara “poka-yoke”, ma'ana toshe ƙofar kuskure tun bai shigo ba. Duk da haka, a ganina babu kamarar da ta kai idon ma'aikacin da ya iya karatu. Kwalbar farko da ta fito, a ɗauke ta a hannu, a karanta harafi-harafi, a gwada da takardar aiki, sannan a saki layi. Daƙiƙa ashirin ne. Wanda ya ga kuskure kuma kada ya ji nauyin tsayar da aiki. A tsarin Toyota haƙƙin kowane ma'aikaci ne ya ja igiyar neman ɗauki da zarar ya ga matsala.

Lambar rukuni tana da wani amfani babba bayan kaya sun fita. In aka gano aibi a zubi ɗaya, shi kaɗai za a janye daga kasuwa, ba duk abin da aka yi a wata uku ba. A sito ma kwanan wata ke nuna wanda zai riga fita, kada tsoho ya lalace a baya sabo yana wucewa.

Wannan alama mai kusurwa huɗu da kuke haskawa da waya, wato QR, daga irin wannan buƙata ta fito. A 1994 Masahiro Hara da abokan aikinsa a kamfanin Denso na Japan suka ƙirƙiro ta don bin sawun sassan mota, saboda lamba mai layi-layi ba ta ɗaukar bayani da yawa. QR guda tana iya riƙe alƙaluma har 7,089.

Na'urar feshin tawada ita kanta tana son kulawa. Bakin feshinta ƙarami ne ƙwarai, tawada na bushewa ta toshe shi, kuma in ta tsaya duk layin ya tsaya. A wanke bakin yadda masu ƙera ta suka tsara, a duba tawada kafin fara aiki, ba sai ta ƙare ana tsakiya ba.

Aikin gida: ku samo kaya uku masu irin wannan rubutu. A littafinku ku ja layi gida uku, ku kwafe ranar yi, ranar ƙarewa da lambar rukunin kowanne. Ku lissafa wata nawa ke tsakanin ranakun biyu. Wanda rubutunsa ya ƙi karantuwa, ku zo da shi aji mu duba tare.