Koya wa ɗalibai bincike da tsatsar ƙusa

Salamu alaikum, malamai 'yan uwa.

Duk mai son ɗalibansa na sakandare su koyi bincike da hannunsu, ya fara da tsatsa. Kowa ya san ta, amma ba kowa ya taɓa tambayar me ke kawo ta ba.

A samo ƙusoshin ƙarfe iri ɗaya, marasa rufin zinki, da kwalabe huɗu. Ta farko ruwa zalla, ta biyu ruwan gishiri, ta uku tafasasshen ruwa da aka zuba wa mai a sama don kada iska ta koma ciki, ta huɗu busasshiya a rufe. Kafin a taɓa komai, kowane ɗalibi ya rubuta hasashensa da dalilinsa. Wannan matakin aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan aikin, don yaron da bai yi hasashe ba kallo kawai yake yi.

Su riƙa dubawa kullum har kwana 7, suna rubuta abin da ido ya gani. Ƙusar ruwan gishiri takan fi saurin tsatsa, ta tafasasshen ruwa kuwa kusan fes, domin sai ruwa da iskar oksijin sun haɗu ƙarfe ke tsatsa.

In sakamakon wani rukuni ya saɓa, don Allah kada ku gyara musu. Ku tambaye su: an goge ƙusar? Murfin ya rufu sosai? Su sake gwadawa. Bayan nan ne za su shiga intanet, su kawo bayani daga wurare biyu, su faɗi wanda ya rubuta kowanne da dalilin da ya sa suka yarda da shi.