Yadda ake kai saƙo Turai da wat 5 kacal ta hanyar FT8

Duk wanda ya tashi yana murɗa rediyo a gajeren zango yana neman mita 16 ko mita 25 ya san abin nan, wata ran tasha ta fito tas kamar a ɗaki, wata ran sai shuuu kawai kake ji. To 'yan rediyon sha'awa, waɗanda ake ce wa ham, a cikin wannan shuuu ɗin suke aiki, kuma akwai wani rukuni daga cikinsu da suka ɗora wa kansu ƙa'idar ba za su wuce wat 5 ba, su ake kira 'yan QRP. Wat 5 fa, ƙarfin ɗan ƙaramin ƙwan sola na tsakar gida. Da murya abin yana da wuya gaskiya, amma tunda Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel ta fiziks a 1993, da abokin aikinsa Steve Franke suka fito da FT8 a 2017, wato hanyar da kwamfuta ke aika gajerun saƙonni ta rediyo maimakon murya, lamarin ya canza gaba ɗaya, don kwamfuta tana iya tsamo saƙon da ya nutse har wajen desibel 21 ƙasa da hayaniya, wanda kunnen mutum ba zai taɓa sanin akwai shi ba.

Kafin komai, lasisi. Sauraro babu laifi, amma watsawa sai da izinin hukuma da lakabin kira naka na kanka, na Najeriya da 5N suke farawa, na Nijar 5U, Gana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT. Kar ka ƙirƙiri lakabi ka hau iska, asirinka zai tonu cikin minti kaɗan domin da yawa daga masu jin ka suna tura rahoto intanet.

Kaya ba su da yawa. Rediyo mai aiki a HF, wato gajeren zango, irin su Yaesu FT-818 ko Icom IC-705, ko kuma ɗan ƙaramin QDX na QRP Labs wanda shi don wannan aikin aka yi shi, wayar USB ɗaya ce ke haɗa shi da kwamfuta shikenan. Idan rediyonka ba shi da katin sauti a ciki sai ka nemi mahaɗi kamar Digirig ko SignaLink. Sai laftof ko da tsohuwa ce, da manhajar WSJT-X mai tafiyar da FT8 wadda kyauta ce, da batir mai bolt 12. Masu Android kuma akwai FT8CN.

Eriya ita ce inda ya kamata ka ɓata lokacinka da kuɗinka. Lissafin mai sauƙi ne, 143 raba da mitar da kake so a megahaz, ya ba ka tsawon waya a mita. Idan 14.074 ce, wato zangon mita 20, zai ba ka mita 10 da 'yan kai, sai ka raba biyu, kowane hannu mita 5 da kusan santimita 8, ka haɗa kebul ɗin koyaks, wato wayar da ke haɗa eriya da rediyo, a tsakiya ka ɗaga ta sama iya yinka, darbejiya ko dogon gora ko ƙarfen tankin ruwa, kawai dai ta yi nesa da kwanon rufi da wayoyin lantarki. Ka yanke ta da ɗan tsawo tukuna sannan ka riƙa ragewa kaɗan kaɗan kana auna SWR, wato ma'aunin dacewar eriya da rediyo, har ya sauko ƙasa da 2, ragewa ba wuya, ƙarawa ce fitina. Kuma kar ka ja koyaks mai siriri mita 40 don son ka zauna a falo, a hanya za ka zubar da wani kaso na wat biyar ɗin da ma ba yawa ne da shi ba.

Yanzu abin da ya fi kayar da sababbi, agogo. FT8 bi da bi ake yi duk daƙiƙa 15, kai ka watsa na kusan daƙiƙa 13 ka yi shiru, wancan ya amsa, saboda haka idan agogon kwamfutarka ya kauce da fiye da daƙiƙa ɗaya ko biyu za ka ga layuka reras a allo suna gangarowa amma ko kalma ɗaya ba za ta fito ba, kai kuma kana ta zargin eriya kana hawa bishiya a banza. Ka buɗe time.is ka duba, ka daidaita agogon da intanet, in kana ƙauye inda babu sabis ka sa ɗan GPS na USB. A cikin manhajar akwai layin DT mai nuna tazarar agogonka da na kowace tasha, in ka ga yawancin tashoshi suna nuna kusa da sifili to ka zauna daidai.

A saituna ka sa lakabinka da lambar gurbinka ta taswira, Abuja JJ39 ce, Yamai JK13, Kano kuwa layin digiri 12 ya ratsa ta, wata unguwa JK41 wata JK42, don haka ka duba da GPS ɗin wayarka. Rediyo a kan yanayin watsawa na USB (upper sideband, ba wayar USB ba) yake zama ko da a mita 40 ne, mitocin su ne 7.074 a mita 40 da 14.074 a mita 20 da 21.074 a mita 15 da 28.074 a mita 10. Ka daidaita sautin shiga har sandar nan ta gefen hagu ta tsaya wajen 30 tana kore, sautin fita kuma kar ka cika shi, da ka ga ALC, wato ma'aunin rediyo mai nuna sauti ya yi yawa, ya fara motsi sosai ka rage, in ba haka ba siginarka za ta baje ta bi ta kan mutane, ga rediyon zai yi zafi tunda duk tsawon zagayen a kunne yake, a watan Afrilu kuwa ɗan fanka a gefensa ba almubazzaranci ba ne.

Ni shawarata ka yi kwana biyu kana kallo kawai. Bayan nan ka nemi wuri fili a allon, ka danna Shift tare da linzamin kwamfuta a wajen, ka kunna Hold Tx Freq don kar ka riƙa faɗawa kan mitar wanda kake kira inda masu wat 100 suka taru suna danne ka. Ka danna sau biyu a kan mai kiran CQ, wato mai neman duk wanda zai amsa, manhajar za ta ƙarasa sauran da kanta, gurbi, rahoton ƙarfin sigina, RR73 wato an karɓa, sai 73 wato sallama, duka minti ɗaya da rabi. Hira dai babu, haruffa 13 ne iyakar abin da za ka rubuta da kanka, mai son taɗi sai ya koma manhajar JS8Call.

Bambancin wat 5 da wat 100 desibel 13 ne kawai, ma'ana wanda ake ji a −5 da wat 100, da ya sauko wat 5 za a ji shi a −18, har yanzu yana fita. Kuma mu muna da wata gata, tashoshin Afirka ta Yamma ba su da yawa a iska, in Turawa suka ga 5N ko 5U su ne za su yi layi a kanka. In ka yi kira sau goma shiru, ka leƙa shafin intanet na PSKReporter ka sa lakabinka, taswira za ta nuna maka duk inda aka ji ka. Mai son gwada eriya zalla kuma ya kunna WSPR, wata hanyar gwaji a cikin WSJT-X, a 14.0956, zagayensa minti 2 ne kuma ko da miliwat 200 yana zuwa nesa.

Babbar matsalarmu a nan ita ce ji. Inbata ta sola mai araha, cajar waya ta bakin titi, ƙwan LED, janareton maƙwabci, duk suna zuba ƙara a gajeren zango har su binne masu amsa maka. Ka gwada kashe komai na gidan ka bar rediyo da laftof a kan batir, ka cire cajar laftof ɗin ma, sai ka riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin. Abin dariya, lokacin da aka ɗauke wuta kafin a tayar da janareto shi ne lokacin da iska ta fi tsafta. Da rana ka zauna a mita 15 ko 10, da yamma mita 20, dare ya yi ka koma 40. Da damina kuma da ka ga hadari ya haɗo ka zare koyaks daga rediyo ka fitar da bakinsa waje, haka ma ranar da hunturu ya taso da ƙura, busasshiyar iskar nan tana tara caji a doguwar waya har ta ɗan ja ka in ka taɓa.